Gwiwar Liman da Wandon Hawa Mashin

Da sunan Allah, wanda yake jarraba bawansa da ciwo, kuma ya sauko masa da sauƙi a lokacin da ya ga dama. Na zauna rubuta wannan ne bayan Allah ya tashi kafaɗun maigidana. Na rubuta shi saboda 'yan'uwana mata da ke wanke wa mazajensu kaya, su goge, su raka su bakin zaure su ga sun hau mashin, amma ba su taɓa tsayawa sun tambayi kansu ba: shin mene ne tsakanin fatar bawan Allahn nan da kwalta?

Maigidana, wanda zan riƙa kira Malam kamar yadda nake kiransa a gida, shi ne limamin ƙaramin masallacin layinmu a Makarfi. Mahaifinsa ne ya riƙe limancin kafin shi. Katangarmu ɗaya da masallacin, ina tankaɗe ko ina wanke-wanke ina jin kabbararsa. Yana da 'yar gonar rake a wajen Dandamisa, yana kuma zuwa Nasarawan Doya yana ba magidanta karatu, duk a kan mashin ɗinsa. Mutum ne mai tuƙi a hankali, har yaran layi suna cewa mai keke ma yana wuce shi.

Ranar da abin ya faru ɗaurin aure za shi Ikara. Ya sa sabon ɗinkinsa, wani yadi ruwan toka mai sheƙi da santsi, irin wanda teloli ke yabo wai ba ya yamutsewa kuma ba ya neman guga. Ba shi da nauyi ko kaɗan, idan ka ɗaga wandon kamar ka ɗaga ɗankwali. Da yake safiyar da sanyi, sai ya ɗora wata tsohuwar jaket ta gwanjo mai kauri a kan taguwar. Na yi masa dariya na ce, "Malam, ai ka ɓata kwalliyar." Ya ce, "Rabi'atu, idan na kai bakin gari zan cire, babu wanda zai san sirrinmu."

Bai kai bakin garin ba. A wata kwana motar rake ta zubar da sanduna a kan titi, tayar gaba ta taka, mashin ya kwanta ta gefen dama ya ja shi a kan kwalta. Ɗanjuma, ɗan acaɓan layinmu, yana bayansa da fasinja. Shi ya ɗaga mashin daga kansa, shi ya kawo shi gida, Allah ya saka masa. Sai dai kafin ya ɗauko shi ya buɗe ledar kayan aikinsa ya tsiyaya masa man birki a kan ciwon. Da na tambaye shi dalili, cewa ya yi, "Hajiya, ai shi muke sawa. Yana tsayar da jini, yana kashe dafi. Duk tashar nan babu wanda bai sha shi ba."

Abin da na gani a tsakar gida har yanzu yana idona. Wandon nan daga cinya zuwa ƙwauri babu shi, ya tafi kamar takarda. Gwiwar dama ta saluɓe, wani wurin ja, wani wurin fari, da yashi da baƙin kwalta a ciki. A sha-raɓa kuma, inda salansar mashin mai zafi ta danne shi, yadin ya narke ya manne a naman kamar ledar da ta faɗa murhu. Ina kuka ina cire masa jaket, na ɗauka hannun ma haka yake. Gwiwar hannun jaket ɗin ta goge har ta yi fari, amma da na naɗe hannun taguwar sai na ga fata lafiya lau, ɗan kumburi kawai. Gefe ɗaya, titi ɗaya, faɗuwa ɗaya. A cikin wannan tashin hankalin ma sai da abin ya tsaya min a rai.

Malam ya ƙi asibiti. Ya ce ƙurjewa ce, ba karaya ba, kada a tara masa jama'a. Aka kira mai kemis ya wanke sama-sama, ya shafa wannan maganin mai launin shuɗi, ya ba da ƙwayoyi. Da yamma Inna, mahaifiyarsa, ta iso daga Dandamisa da ƙullinta a bakin zane. Gashin zomo ne. Ta ce da shi ta warkar da ƙunar yaran gidansu kaf.

Na ce, "Inna, da dai an bari an ga likita tukuna."

Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, lokacin da ya faɗa tukunyar mazarƙwaila yana rarrafe, likita ne ya warkar da shi? Miƙo min hannunsa ki ga ko akwai tabo."

Babu tabo, gaskiya ne. Ta lulluɓe ƙunar da gashin, har da gefen gwiwar, tana tofa addu'a.

Satin farko mun ɗauka sauƙi ake samu, domin saman ciwon ya bushe ya yi ɓawo. 'Yan dubiya suna ta shigowa, kowa da maganinsa. Wani ya ce zuma, wani ya ce tokar kara, wani ya ce a kira mai ɗori ko da tsagewar ƙashi. Wata maƙwabciya ta ce man goge baki yana sanyaya ƙuna. Malam yana salla a zaune, ƙafa a miƙe a kan matashi, na'ibinsa Malam Idi yana jan mutane. Amma wajen ƙarshen satin sai zazzaɓi ya fara rufe shi, cinyar ta kumbura ta yi zafi, ɗakin ya ɗauki wani wari da turaren wuta ya kasa dannewa. Na danna gefen ɓawon da ɗan yatsa a hankali, sai ga mugunya ta bulbulo. A ranar ban nemi shawarar kowa ba. Na aika aka kira mai mota, na ce wa Malam, "Ka yafe min, yau kam sai asibiti." Bai ma iya musu ba.

Asibiti sai wanda ya je. Layin yankar kati daban, layin ganin likita daban, layin hoton ƙashi daban, kuma ranar na'urar hoton babu wuta sai da muka fita waje. Auduga, bandeji, safar hannu, ruwan wanke ciwo, komai sai an rubuta maka ka je ka sayo. Ba ƙorafi nake yi don raina aikinsu ba, amma mara lafiya da ƙafa tana wari ya wuni a kan benci, abin da ciwo.

A ɗakin wankin ciwo muka haɗu da Sista Rifkatu, wata ma'aikaciyar jinya 'yar wajen Furana, doguwa mai faɗa da baki amma hannunta da taushi. Tana buɗe ƙafar ta ja da baya ta ce, "Ikon Allah! Malam, mashin ne ya kayar da kai ko zomo?"

Duk da zafin da yake ciki sai da ya murmusa. Ta ce, "To ka riƙe carbinka da kyau. Duk abin da aka zuba a nan sai ya fito, har wanda titi ya zuba."

Ta jiƙa ɓawon ta ɗaye shi. Ta riƙa zaro gashin zomo da hantsaki, tana kankare yashi da baƙin kwalta. Malam bai yi ihu ba, Hasbunallahu kawai yake maimaitawa, gumi yana ɗiga daga gemunsa. Ni ce aka ce in fita idan ba zan daina kuka ba, na share hawaye na tsaya. Da ta zo sha-raɓar, sai ta ɗago wani abu baƙi mai tauri kamar busasshen ƙaro ta nuna min. Ta ce, "Kin ga wannan? Wandonsa ne. Yadin roba ne, da ya ji zafi sai ya narke ya shige nama. Kullum sai mun ciro irinsa. Ranar ɗaurin aure da ranar Juma'a ciwukan da ake kawo mana sun fi muni, saboda ranar kowa yake sa kayansa masu kyau."

Aka yi masa allurar da ake yi wa wanda ƙarfe ya yanka, aka ba shi gado. Likita da ya duba hoton ya ce ƙashi lafiya yake, fata ce ta tafi, kuma idan ba ta rufe da kanta ba sai an tura mu Zariya a yi dashen fata, wato a yanko daga ɗaya cinyar a liƙa a nan. Malam bai tambayi komai a kan wannan ba. Tambayarsa ɗaya ce: "Likita, zan yi sujada?"

Likitan ya ce, "Fatar da ke tsirowa a kan gwiwa takan ɗaure. Idan ka bar ta ta warke a miƙe, a miƙe za ta zauna. Sai ka riƙa lanƙwasa ta tun tana ciwo."

Wannan maganar ita ta bi mu gida bayan an sallame mu. Domin wanda yake salla a zaune ba ya jan waɗanda suke tsaye, Malam ya fi kowa sani. A sati na uku, yana kwance yana jin muryar Malam Idi ta katanga, sai ya ce min, "Rabi'atu, idan watan azumi ya kama ban iya durƙusawa ba, zan tara dattawan layi in miƙa wa Idi limancin gaba ɗaya. Ba a riƙe wa mutane masallaci da ƙafa a miƙe." Ya juya fuska bango. Na san mihrabin mahaifinsa yake tunawa.

Muka shiga zaryar wankin ciwo, da farko kullum, daga baya ana tsallake rana. Kuɗin mota da na bandeji suka cinye tunkiyata, suka taɓa buhun masarar da muka ajiye. Raken gona kuma aka sayar da shi a tsaye don babu mai kula. Sista Rifkatu ta ce a ba shi ƙwai da wake da kifi don naman ya ciko. Inna ta ce ƙwai da gyaɗa su ke sa ciwo ruwa. Na rasa yadda zan yi, sai na riƙa fasa ƙwan a cikin miyar kuka ina kaɗawa har ya ɓace. Ranar da Inna ta ɗanɗana ta ce, "Miyar nan taki ta yi gardi," ni da Malam muka kasa haɗa ido. Daga baya na gaya mata gaskiya, ta yi tsaki ta ce ai tun ranar ta ji ƙarni, ta dai ga yana ci ne ta ƙyale.

A cikin zaman jinyar ne tambayar nan ta jaket da wando ta dawo min. Ragowar wandon yana cikin leda ban yar ba. Wata rana bayan na gama abincin rana, na yanki ƙyallensa na kai bakin garwashi. Nan take ya nannaɗe, ya yi baƙin ƙwallo mai danƙo, yana warin leda. Na yanki ƙyallen tsohuwar atamfa ta auduga na gwada, ita kuwa ta ci wuta ta zama toka, na murje ta da yatsa ta watse. Na zauna ina kallon su biyun kamar yau na fara ganin tufafi.

Abin ya ƙi barina. Na ɗebo dankali daga kwandon da aka kawo mana dubiya daga Kudan, na naɗe kowanne da ƙyalle daban: ɗaya yadin Malam, ɗaya shadda, ɗaya kakin makarantar yara, ɗaya tsohon wandon jins, ɗaya kuma gefen jaket ɗin nan. Na je bakin rijiya inda simintin yake da kaushi, na riƙa dannawa ina ja da ƙarfina. Yadin Malam ja ɗaya ya huje, dankalin ya saluɓe. Shadda, da nake ganin ta fi kowa daraja, ba ta fi shi da komai ba. Kaki ya ɗan jure. Jins ya jure sosai kafin ya huje. Jaket kuwa hannuna ne ya gaji.

Inna ta fito alwala ta same ni a tsugune. Ta ce, "Yau kuma dankali ake yi wa sutura? Rabi, ko jinyar ce ta taɓa ki?"

Na jera mata su a faranti na ce, "Inna, ga gwiwar Malam, ga kuma hannunsa."

Ta ɗauki saluɓaɓɓen ta juya shi, ta daɗe tana kallo. Sai ta ɗauki farantin da kanta ta kai wa Malam ɗaki. Na san dankali ba mutum ba ne, hannuna kuma ba gudun mashin ba ne, amma ko a hakan bambancin ya fito fili.

A wajen sati na biyar naman ya fara cikowa ja-ja, fata tana tahowa daga gefe kamar yanar madara. Likita ya ce da alama mun tsallake zuwa Zariya, muka yi hamdala. Saura lanƙwasawa, kuma ita ce azabar. Ya zauna a bakin gado, ni in riƙe diddigen in riƙa turawa baya kaɗan-kaɗan. Wani lokaci sabuwar fatar ta tsage ta yi jini, in ce a bari, ya ce, "Tura, Rabi'atu." Wani lokaci shi ya ce a bari, ni in ce, "Saura kaɗan, Malam." Na sa gawayi ina yin alama a ƙasa inda diddigen ya kai. Wani satin alamar ta matsa, wani satin ta tsaya cak har mu yi kwanaki ba ma son kallonta.

Da ya fara takawa da sanda, sai ya fara zancen gona da ɗalibansa na Nasarawan Doya. Na ce ba zan hana shi hawa mashin ba, don da shi muke ci, amma ba da irin wandon da ba. Na kira yayana, Yaya Sabi'u, wanda ke sayar da gwanjo yana bin kasuwannin Makarfi da Ikara da Kudan. Ya ce akwai wandunan da aka yi musamman don masu mashin, masu ƙoƙon roba a gwiwa, sukan fito jefi-jefi a cikin dila, ba mai saye don nauyi, sai mafarauta. Ya ce in ba shi lokaci ya tambayi abokansa na Zariya.

Malam da ya ji, ya ce sam. "Ni da gemuna in sa wandon 'yan tsere? In shiga gari kamar sojan da ya ɓata hanya? Kuma abin da aka ce da ƙoƙo a gwiwa, da shi zan yi sujada? Na sha wuyar lanƙwasa ƙafar nan don in durƙusa, ba don in ɗaure ta a cikin roba ba. Abin da Allah ya rubuta ai sai ya faru."

Na ce, "Haka ne, Malam. Jaket ɗin ma Allah ne ya rubuta ka sa ta."

Ya dube ni, ya dubi hannunsa na dama, ya ce, "To a kawo in gani. Gani kawai."

Yaya Sabi'u ya zo da ƙunshi ya zazzage a kan tabarma, bakinsa bai tsaya ba. "Allah gafarta Malam, wannan na fata ne, ko jirgin ƙasa ya ja ka ba abin da zai same ka." Na ɗaga, nauyinsa kamar buzun salla uku. Malam ya zura ƙafa ɗaya, kafin ya zura ta biyu gumi ya karyo masa. Ya ce, "Wannan kafin in kai Dandamisa na dahu." Gaskiya na fatar ya fi kowanne ƙarfi, amma wandon da zafi zai sa a rataye shi a ƙusa ba zai kare kowa ba. Muka ajiye.

Na biyu kyakkyawa ne, da layi-layi a gwiwa da zif ko'ina. Na juya cikinsa, babu komai, yadi ne sirara, adon kawai aka yi masa. Na zaro zare ɗaya daga bakin ƙafar na kai ga ashana, ya dunƙule. Yaya Sabi'u ya ce, "Ke Rabi, kaya na za ki ƙone min? Wa ya koya miki wannan mugun ciniki?" Na ce asibiti.

Na uku yana da abin kare gwiwa, amma da na lanƙwasa shi sai ya yi ƙara ya tsage, ya tsufa ya bushe. Ɗinkin cinyarsa ma ya fara saki. Na huɗu ya yi wa Malam tsawo, bakin ƙafar yana da faɗi yana jan ƙasa. Malam ya ce ba ya sa tufa ta wuce idon sawu, Yaya Sabi'u ya ce ko ba don haka ba ma irin wannan ne ke shiga sarƙar mashin.

Na ƙarshe baƙi ne, a ido kamar jins, ba ado. Da na juya shi sai na ga an shimfiɗa wani yadi rawaya mai kauri a gwiwa da cinya da mazaunai, ɗinkin kuma biyu-biyu ne. A gwiwa da ƙugu akwai aljihu ta ciki, an zura wata roba mai laushi wadda idan ka matsa ta a hankali ta lotsa, idan ka buga ta kuma ta yi tauri. Na nemi izinin Yaya na goga gefen cinyar a simintin rijiya da dankalina a ciki. Saman ya yi fari, rawayan ko gezau.

Malam ya sa. Da ya miƙe tsaye robar ta sauko ƙasan gwiwa, ya ce, "Kun gani, bai ma dace ba." Yaya Sabi'u ya ce, "A'a Malam, ba don tsayuwa aka yi shi ba. Zo ka hau." Muka fita zaure inda mashin yake jingine tun ranar da aka dawo da shi. Malam ya tsaya yana kallonsa, ya yi bisimilla, ya ɗaga ƙafar a hankali ya hau. Yana zama robar ta hau daidai kan ƙoƙon gwiwar ta rufe tabon ruf. Ya saki taguwarsa a kai, babu mai cewa ga abin da ke ƙasa.

Sai ya ce, "Saura babbar jarrabawa. Kawo sallaya."

A lokacin ya fara iya kai gwiwar ƙasa da kyar, yana dafa bango. Ya durƙusa, ya yi ƙoƙarin zaman tahiya, robar ta tokare shi, yadin ya taru a bayan gwiwa. Ya miƙe ya ce, "Ba zai yiwu ba. Ina hanya salla ta kama ni, sai in tuɓe wando a bakin titi?" Ya fara kwance maɓallin. Na ga abin zai lalace a kan idona.

Inna ce, da ke zaune a gefe tana jan carbi, ta ce, "To wai dole sai ta ciki ake zura abin? Ku huda masa baki ta waje mana, kamar aljihun riga. Zai yi salla ya zare, ya idar ya mayar."

Muka dubi juna. Allurar keken ɗinkina ta karye a gwajin farko, don haka aka kai wa mai ɗinkin kujerun mashin a bakin kasuwa. Ya buɗe aljihun ta gefe ya sa zif, ya bi da ɗinki biyu, bai taɓa rawayan yadin ba. Ya ƙara ɗan ƙyalle a tsakiyar wandon don zama ya yi sauƙi. Kuɗin wandon da gyaransa bai kai abin da muka kashe a bandeji kaɗai ba. Na sa Yaya Sabi'u ya haɗo da hular kwano, don kan Malam a ranar Allah ne kawai ya tsare.

'Yan'uwa, abin da na koya ke nan. Kada a zuba wa ciwon titi man birki ko gashi ko toka, a wanke da ruwa mai tsabta a tafi asibiti a ranar. Kayan kwalliya a ninke su a leda, a sa idan an isa. Wajen zaɓen wando a juya cikinsa, a duba ɗinki, a gwada shi a zaune a kan mashin, kuma a zaɓi wanda mai shi zai yarda ya sa kullum. Ko shi ba ya hana karaya, fata yake karewa. Ɗanjuma ma ya zo ya gani ya ce zai nema, ko da yake har yau da wandon ƙwallo nake ganinsa.

Ana saura kwanaki kaɗan a ga watan azumi, Malam ya hau mashin ya tafi gona a karon farko. Na kasa zama, na share tsakar gida har sau biyu. Ya dawo daf da la'asar, na ji tsayuwar mashin a ƙofar masallaci maimakon zaure. Aka tayar da iƙama. Ina tsaye da tsintsiya a jikin katanga, sai na ji kabbarar farko, kuma ba muryar Malam Idi ba ce.

La'asar ba a bayyana karatu, kabbarori kawai ake ji. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya yi ruku'u, ya ɗago. Ya yi kabbarar sujada. Ya ɗago ya zauna, ya koma. Sai shiru, wurin da zai miƙe tsaye a kan gwiwar nan. Shirun ya yi tsawo har na saki tsintsiyar na dafa bango. Can sai na ji "Allahu Akbar," da ɗan nishi a ciki, amma daga sama muryar ta fito.

Bayan an sallame na ji dariyar dattawa a waje, na leƙa ta zaure. A bakin ƙofar masallaci, kusa da takalman Malam, ga robobin nan biyu a jere. Wani tsoho yana nuna su da sanda yana cewa, "Jama'a ku taka a hankali, Liman ya bar gwiwoyinsa a waje."

Malam ya fito yana ɗingishi kaɗan, ya sunkuya ya ɗauke su, ya zura kowacce a mazauninta ya ja zif. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri, ya kai mahaya gida da fatarsu a jikinsu.